Alƙibla, Inuwa da Rabon Gado: Haɗa Kimiyya da Fasaha da Ƙere-ƙere da Lissafi a Azuzuwanmu

(Matanin jawabin da aka gabatar a taron ƙara wa juna ilmi na malamai da shugabannin makarantunmu.)

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya girmama ɗan Adam da hankali, Ya kuma shiryar da shi da wahayi. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah, Annabi Muhammadu (S.A.W.), da alayensa da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.



An nemi mu yi magana a kan wani al'amari da masana harkar ilmi suka daɗe suna tattaunawa, wato koyar da kimiyya da fasaha da ƙere-ƙere da lissafi a haɗe, maimakon a rarrabe. A ƙasar Amurka, tun wajen shekarar 2001, aka taƙaita sunayen fannonin nan huɗu cikin kalma ɗaya, STEM, daga can kuma sunan ya bazu a duniya. Mu dai sunan bai dame mu ba. Wanda ya dame mu shi ne yaron da ke zaune a kan bencin makarantarmu, wanda iyayensa suka damƙa mana amanarsa domin ya san addininsa ya kuma iya riƙe kansa.

Ku dubi yinin wannan yaro. Da safe malamin lissafi ya shigo ya cika allo da kusurwoyi da awon tsawo, yaro ya kwafe. An buga ƙararrawa, malamin kimiyya ya shigo ya ce duniya tana juyawa, shi ya sa inuwa take gajarta ta kuma tsawaita, yaro ya kwafe a wani littafin dabam. Da yamma malamin fiƙihu ya karanta masa babin lokutan salla, ya haddace cewa la'asar tana shiga idan inuwar abu ta kai tsawonsa, ban da inuwar zawali. Malamai uku sun yi masa magana a kan abu guda, amma babu wanda ya gaya masa cewa abu guda ne. Idan ka miƙa wa wannan yaro sanda ka ce ya fita tsakar makaranta ya gaya maka ko la'asar ta yi, sai ka ga ya ɗaga kai yana neman agogon bango.

Abin da muka zo mu faɗa a yau shi ne, makarantar Musulunci ba ta bukatar ta je nesa neman igiyar da za ta ɗaure waɗannan fannoni huɗu. Littafin fiƙihun da ke cikin jakar yaron cike yake da mas'alolin da ba su warwaruwa sai an auna, an lissafa, an kuma ƙera wani abu da hannu. Daga nan ya kamata haɗin ya faro.

Kafin mu shiga bayani, yana da kyau mu tuna cewa hukuma ta sha gwada wannan haɗi. Manufar ilmi ta ƙasa da aka fitar a 1977 ita ce ta haifi tsarin 6-3-3-4, wanda ya fara aiki a 1982, aka sanya darasin haɗaɗɗiyar kimiyya da na share fagen fasaha a ƙaramar sakandare. Aka sayo injinan aikin katako da na ƙarfe daga ƙasashen Gabashin Turai aka rarraba wa makarantu. Manya daga cikinmu sun san ƙarshen labarin: a makarantu da dama akwatunan sun shekara da shekaru ba a buɗe su ba, domin babu wutar lantarki, babu ɗakin da za a kafa su, babu kuma malamin da ya san yadda ake sarrafa su. A 2012 kuma hukumar tsara manhaja ta ƙasa ta tattara kimiyya da fasaha da kwamfuta da motsa jiki ƙarƙashin sunan darasi ɗaya. Suna ya haɗu a kan jadawali, amma a cikin aji kowane malami ya ci gaba da kwafar da nasa kashin. Ba mu manta da makarantun kimiyya da Jihar Kano ta buɗe a Dawakin Kudu da Dawakin Tofa a 1977 ba, waɗanda suka yaye likitoci da injiniyoyi masu yawa. Sai dai waɗannan na zaɓaɓɓun ɗalibai ne, mu kuwa zancenmu a kan kowane yaro ne da ya shigo ƙofarmu. A ganinmu, abin da ya kashe waɗancan injina shi ne sun iso kafin yaro ya sami tambayar da yake son ya amsa da su.

To, ga tambaya, wadda kowane yaro yake fuskanta sau biyar a yini: ina alƙibla?

A harshenmu mukan ce mutum ya fuskanci gabas idan ana nufin ya fuskanci alƙibla, har kalmomin biyu suka zama kamar ɗaya. Amma Makka tana arewa da mu, ba gabas kawai ba. Idan aka fara ƙirga daga arewa ana juyawa ta hannun dama, gabas sosai tana kan digiri 90. Alƙiblar Kano kuwa tana kan kimanin digiri 68, ta Sakkwato kimanin 71, ta Maiduguri kimanin 66, ta Legas kimanin 63. Wato mutumin Kano sai ya karkata daga gabas zuwa arewa da kusan digiri 22. Tsakanin Kano da Makka akwai kimanin kilomita 3,500, saboda haka wanda ya miƙe gabas sak daga Kano, layinsa zai ratsa ƙasar Habasha ne, ya bar Ka'aba a hagunsa da fiye da kilomita 1,200.

A nan sai mu tsaya mu yi gargaɗi, domin mun san halin matasa idan suka sami sabon ilmi. Wannan bayani bai ba kowa damar zuwa ya ce wa liman sallarsa ta shekara talatin ta ɓaci ba. Galibin malamai, har da Malikawa, sun tafi a kan cewa wanda yake nesa da Ka'aba abin da ya wajaba a kansa shi ne fuskantar sashenta, ba ainihin gininta ba. Sallar mutane ta inganta, in Allah Ya so. Amma idan za a aza harsashin sabon masallaci, ko za a shata sabuwar maƙabarta, me zai sa a yi da ka alhali ana iya aunawa?

Ga yadda aji ɗaya zai yi aikin. A sami wuri a tsakar makaranta a daidaita shi har ruwa ya kwanta a kansa bai gangara ba. A kafa sanda mai tsawon mita ɗaya, a tabbatar ta miƙe ta hanyar rataya zare da ɗan dutse a gefenta, kamar yadda magina suke yi. A zana da'ira kewaye da gindinta. Da hantsi, sa'ad da kan inuwa ya taɓa da'irar yana shiga, a yi alama. Bayan azahar, sa'ad da ya sake taɓa ta yana fita, a yi wata alamar. Layin da ya haɗa alamomin biyu shi ne gabas da yamma, wanda ya gicciye shi daidai kuwa shi ne kudu da arewa. Daga nan sai ma'aunin kusurwa ya ba da digiri 68, ko abin da ya dace da garin. Malaman falaki na Musulmi sun yi ƙarnuka suna amfani da wannan hanya, suna kiranta da'irar Indiya.

Sannan akwai hanya ta biyu da yara za su gwada amsarsu da ita. Sau biyu a shekara rana takan tsaya daidai a kan Ka'aba: ranar 27 ko 28 ga Mayu da ƙarfe 12:18 agogon Makka, da ranar 15 ko 16 ga Yuli da ƙarfe 12:27. A agogon Nijeriya da Nijar, ƙarfe 10:18 da 10:27 na safe ke nan. A wannan lokaci, duk wanda ya fuskanci wajen da rana take ya fuskanci alƙibla, inuwar sandar kuma tana nuna bayanta. Idan layin da yara suka samu da da'ira ya dace da wannan, alhamdu lillahi. Idan bai dace ba, to darasi ya fara daɗi, domin dole su nemo dalili: ko sandar ta karkace, ko ƙasar ba ta daidaita ba, ko agogon malam yana gudu. Sai kuma a kawo kamfas da manhajar waya a gwada su, a kusantar da su ga rodi ko ƙofar ƙarfe, yara su ga da idonsu yadda allura take kaucewa. Daga ranar ba za su ƙara ɗaukar maganar na'ura kamar wahayi ba.

Ku ƙirga abin da ya shiga wannan aiki. Yaro ya koyi juyawar duniya da aikin maganaɗisu. Ya yi amfani da da'ira da kusurwa. Ya daidaita ƙasa ya tsayar da sanda, idan kuma aka ce ya zuba siminti ya mai da abin ma'auni na dindindin, to ya shiga aikin injiniya. Idan aka tarar masallacin makaranta ya karkace, ba rushe shi za a yi ba. Yara su auna ɗakin, su zana shi a takarda, su lissafa sahu nawa zai ɗauka idan aka ja layukan sahu bisa sabuwar kusurwa, su kai wa kwamitin masallaci cikin ladabi. Kuɗin duk wannan bai kai na buhun siminti biyu ba.

Sandar nan kuma aikinta bai ƙare ba. A bar ta a wurin, a sa yara biyu kowane mako su riƙa auna inuwarta mafi gajarta a tsakiyar rana suna rubutawa. Za su gano cewa inuwar zawali ba ta zama ɗaya. A Kano, wajen 22 ga Afrilu da wajen 21 ga Agusta, inuwar takan ɓace kusan ɗungum da tsakar rana, domin rana tana bisa kai. Tsakanin waɗannan ranaku inuwar takan faɗi kudu, sauran shekara kuma arewa. A ƙarshen Disamba, lokacin hunturu, sandar mita ɗaya takan bar inuwar kimanin santimita 71 a zawali, saboda haka la'asar ba za ta shiga ba sai inuwa ta kai mita ɗaya da santimita 71. Yaron da ya rubuta waɗannan lambobi da hannunsa ya fahimci dalilin da ya sa malaman fiƙihu suka ce "ban da inuwar zawali", abin da a da yake haddacewa kurum.

Akwai wani abu da ya shafi azumin mutane kai tsaye. Duniya tana juya digiri ɗaya cikin minti huɗu. Tsakanin Maiduguri da Sakkwato akwai kusan digiri takwas, ga shi kuma agogonsu ɗaya. Ke nan rana takan karkata a Maiduguri kimanin rabin sa'a kafin ta karkata a Sakkwato, faɗuwarta ma kusan haka. Duk da haka ana samun jadawalin salla da aka buga domin wani gari an liƙa shi a bangon masallacin wani garin, ana kiran magariba da shi a watan Ramalana. Ɗalibin aji uku na ƙaramar sakandare zai iya gano wannan ya kuma gyara, idan an nuna masa hanya.

Ya ku 'yan'uwa, wannan ba baƙon abu ba ne a tarihinmu. Abu Raihan al-Biruni ya kammala wani littafi a shekarar 1025 Miladiyya a kan ƙayyade wuraren garuruwa, babbar manufarsa kuwa ita ce fitar da alƙiblar birnin Gazna, a ƙasar Afganistan ta yau. Ibnush Shaɗir, wanda ya rasu a 1375, ma'aikacin babban masallacin Dimashƙa ne, aikinsa ƙayyade lokutan salla, ya kuma ƙera wa hasumiyar masallacin agogon rana na dutsen marmara. Shi kuwa Muhammad bin Musa al-Khawarizmi, wanda ya rubuta littafin Aljabru a Bagadaza wajen shekarar 820, a zamanin Halifa Ma'amun, babban kashi na ƙarshen littafinsa a kan wasiyya da rabon gado ne. Aljabarar da yaranmu suke tsoro a yau, tun farkonta tana yi wa alƙalai hidima.

Wannan ya kawo mu ga gado. Kalmomin sulusi da rubu'i da sudusi da sumuni suna cikin Hausa tun kafin zuwan Turawa, kuma ta ƙofar ayoyin gado na Suratun Nisa'i da littattafan fara'ili suka zauna a bakin malamanmu. Mace ta rasu ta bar miji da 'yan'uwa mata biyu shaƙiƙai. Miji yana da rabi, su kuma suna da sulusi biyu. A sa yara su tara: uku cikin shida da huɗu cikin shida, bakwai cikin shida ke nan. Rabo ya fi dukiya! A bar su su yi ta muhawara, kada malam ya yi saurin ba da amsa. Sa'an nan a gaya musu cewa irin wannan mas'ala ta zo gaban Sayyidina Umar (R.A.), ya shawarci sahabbai, aka tsaya a kan aulu: a raba dukiyar kashi bakwai, miji ya ɗauki uku, 'yan'uwa mata huɗu, ragin ya shafi kowa gwargwadon rabonsa. Idan sun ƙware, a ba su mas'alar mata da 'ya'ya mata biyu da uwa da uba, inda asali 24 yake komawa 27, sumunin mata ya zama tusu'i.

Amma rabo a takarda abu ne mai sauƙi. Abin da yake raba zumunta shi ne gona. Gonakinmu ba su da kusurwa huɗu daidai, wani gefen ya fi wani tsawo, wani sashen jigawa ne wani fadama. Akan raba da taki da ƙiyasin ido, bayan shekara biyu a tafi kotu, kuma sau da yawa marayu da mata ne suke kwana ciki. Ku ɗauki aji da igiya da tef zuwa filin makaranta, su yanyanka shi zuwa siffofi masu kusurwa uku, su fitar da faɗin kowanne, su tara, sa'an nan a ce su fitar wa matar mamaci sumuninta da turaku. Yaran da suka yi wannan, gobe su ne za a kira idan an yi rasuwa a unguwa.

Zakka ma haka take, sai dai ba za mu daɗe a kanta ba. Nisabin hatsi wusuƙi biyar ne, wato sa'i 300, sa'i kuwa mudun Annabi huɗu ne, kuma awo ne na cika, ba na nauyi ba. A kawo sikeli a auna sa'in gero da na shinkafa da na wake, yara su ga nauyinsu ya bambanta, su tambayi dalili, su kuma gano mudun Annabi nawa ne a tiyar kasuwarsu.

Ruwa kuwa sai mun ɗan tsaya a kansa, saboda a nan rai ne. Yaro ya karanta a babin tsarki cewa ruwa yana nan a kan tsarkinsa muddin launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙanshinsa bai canja ba. Wannan hukuncin alwala ne, kuma daidai ne. Amma idan ba a haɗa shi da darasin kimiyya ba, yaro zai tashi da zaton cewa duk ruwan da ya halatta a yi alwala da shi lafiyayye ne a sha. Ƙwayar cutar kwalara ba ta canja launi ko ƙanshi. A shekarar 2021 fiye da mutum 100,000 aka yi zaton sun kamu da amai da gudawa a Nijeriya, fiye da 3,000 suka rasu, mafi yawansu a jihohin Arewa. Jami'an lafiya sukan ba da shawarar a bar aƙalla mita 30 tsakanin rijiya da masai. To, yara su ɗauki tef su auna na makarantarsu, su zana taswirar unguwa su nuna rijiyoyi da masai da magudanai. Su ƙera wa rijiya murfi, su gina matatar yashi da tsakuwa cikin tulu, malamin kimiyya kuma ya nuna musu cewa tacewa tana cire datti amma sai an tafasa ko an sa sinadarin kulorin kafin a amince. Haka wurin alwalar masallaci da ruwa yake kwanciya sauro yana haihuwa: a sa su su lissafa gangaren da ya kamata a yi wa lambatu, su karkatar da ruwan zuwa gindin itatuwa.

Mun san akwai masu ɗar-ɗar da wannan magana, kuma ɗar-ɗar ɗin yana da tushe. A ƙasarmu kalmar hisabi ta daɗe a hannun masu duba da bugun ƙasa, har ya zama idan aka ce wane malamin hisabi ne ko masanin taurari, abin da ake fahimta shi ne mai da'awar sanin gaibu. Wannan da'awa mun yaƙe ta, za mu kuma ci gaba da yaƙarta. Amma malamai tun da can sun bambanta tsakanin lura da tafiyar rana da wata domin sanin lokaci da alƙibla, wanda halal ne, da jingina wa taurari tasiri a kan arziki da aure da ajali, wanda ɓata ne. Yaron da ya san dalilin husufin wata, ya kuma san ana iya lissafa ranarsa shekaru kafin ya faru, boka ba zai tsorata shi da shi ba. Zai tashi ya yi sallar da Sunna ta koyar. Game da ganin watan azumi da na salla kuwa, ba mu ce aji ya zama kwamitin ganin wata ba. Lissafi yana taimaka wa mai duba ya san inda zai duba da lokacin da zai duba, sanarwa kuma tana hannun waɗanda aka ɗora wa alhakinta.

Akwai kuma wani salo da muke so malamai su guje masa, duk da kyakkyawar niyyar masu yinsa. Malam ya rubuta aya a saman allo, sa'an nan ya kwafar da darasin kimiyyarsa kamar kullum, ya ce ya haɗa addini da kimiyya. Wani kuma duk abin da ya ji an gano a Turai sai ya nemo ayar da zai ɗora a kai, ko da malaman tafsiri ba su fassara ta haka ba. Binciken ɗan Adam yana canjawa. Idan ka ɗaure aya a jikin wani ra'ayi, gobe aka watsar da ra'ayin, me za ka ce wa ɗalibinka? Alƙur'ani ya fi ƙarfin ya jira shaidar ɗakin gwaje-gwaje.

Saura batun lokaci, wanda shugabannin makarantu za su tayar, da gaskiyarsu, domin jarrabawar WAEC da NECO ba ta jira. Ba mu ce a rushe jadawali ba. Kusurwa da kason lamba da awon fili da ƙwayoyin cuta duk suna cikin manhajar da za a yi jarrabawa a kanta. Abin da muke nema shi ne darasi biyu a jere sau ɗaya a mako, da aiki guda ɗaya a kowane zangon karatu, wanda malamin fiƙihu da na lissafi da na kimiyya za su zauna tare su tsara kafin a koma hutu. Wannan zaman shi ne mafi wuya a cikin al'amarin, domin a makarantu da yawa malaman Arabiyya da malaman boko ko ɗakin hutunsu ba ɗaya ba ne, kowane ɓangare yana jin kunyar ya nuna bai san fannin ɗan'uwansa ba. Shugaban makaranta shi ne zai fara zama a tsakaninsu. A gayyato magini ko kafinta ko mai haɗa wutar sola daga cikin iyayen yara, a girmama shi kamar yadda ake girmama kowane malami. Kada kuma a bar azuzuwan 'yan mata a baya, a ce aikin tef da siminti na maza ne. Su ne fa aka fi tauye wa gado, su ne kuma suke riƙe da randar gida.

Muna roƙon kowace makaranta da aka wakilta a nan ta kafa sandarta ta zana da'irarta kafin ƙarshen wannan zango, ta rubuta kusurwar da ta samu. Ranar 28 ga Mayu mai zuwa, idan Allah Ya kai mu, da ƙarfe 10:18 na safe, a fito da yara a gwada. Idan hadari ya rufe rana, akwai 16 ga Yuli da ƙarfe 10:27. A aiko da sakamakon ta hannun kwamitin ilmi na kowane reshe, tare da sunan gari da bambancin da aka samu tsakanin awon biyu.

Allah Ya yi wa zuriyarmu albarka.